Yarjejeniyar Zaman Tare da Waɗanda Ba a Kira Wurin Zaman Ba

Cikin tambayoyin da masana falsafa suka daɗe suna kai-kawo a kansu, akwai wadda ta fi tsaya mini a rai, domin ba sai mutum ya yi digiri zai gane nauyinta ba: me zai sa mutum ya cika alkawari ko ya riƙe amana a ranar da ya tabbata in ya saɓa babu abin da zai same shi? Mai imani yana da amsarsa a hannu, tsoron Allah da ranar hisabi. To amma a Turai ta ƙarni na 17, inda Katolika da Furotesta suka shafe shekaru suna karkashe juna, kowa yana cewa Allah yake wa aiki, wasu masana sun nemi amsar da za ta gamsar da mutanen da ba sa sauraron malaman juna. Abin da suka fito da shi shi ake kira ra'in yarjejeniyar zaman tare. A taƙaice, ra'in yana cewa hukuma da dokoki, har ma da abin da muke kira halin kirki, sharuɗɗa ne da masu hankali za su amince da su don kowa ya tsira daga sharrin kowa. Na yarda da rabin wannan magana. Ɗaya rabin ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Wanda ya fi kowa kafa ra'in da ƙarfi shi ne Tomas Hobs, mutumin Ingila da aka haifa a 1588. Zamaninsa ne ya koya masa tsoro. A 1640, da ya ga rikicin Sarki Cals na Ɗaya da majalisar dokoki yana neman zama yaƙi, sai ya tsere zuwa Paris. Yaƙin basasa ya ɓarke a 1642, aka fille wa sarkin kai a bainar jama'a a 1649, a 1651 kuma Hobs ya fitar da littafinsa Lebiyatan, sunan wata ƙatuwar dabbar teku da aka ambata a littafin Ayuba na Baibul. A farkon littafin an zana wani gawurtaccen sarki riƙe da takobi, jikinsa kuwa, in ka ƙura ido, ɗimbin ƙananan mutane ne suka haɗu suka yi shi.

Hujjarsa mai sauƙin bi ce. Mu ƙaddara an wayi gari babu sarki, babu alƙali, babu ɗan doka, ana zaman kara-zube. A irin wannan zama ƙarfin jiki ba ya ceton kowa, domin ko gwarzon gari sai ya yi barci, raunana biyu ko uku kuwa in suka haɗa kai sun ishe shi. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Tunda kowa na iya kashe kowa, abin da ake so kuma bai wadaci kowa ba, sai tsoro ya sa har mutumin kirki ya fara tunanin ya riga maƙwabcinsa kai hari. Babu wanda zai wahala ya yi shukar da bai san wa zai girbe ba, balle ya gina gida ko ya fita fatauci. Wanda ya ce Hobs ya munana wa 'yan Adam zato, shi kuma sai ya tambaye shi dalilin da ya sa yake kulle ƙofa in zai kwanta, yake kuma kulle akwati a gidan da babu kowa sai 'ya'yansa da barorinsa. Mafita a wurinsa ita ce kowa ya ajiye makami bisa sharaɗin kowa ma ya ajiye, a damƙa takobi ɗaya a hannun hukuma, saboda a ganinsa alkawarin da babu mai tilasta cika shi bai wuce fatar baki ba. Daga wannan rana ne adalci da zalunci ke samun ma'ana. Kafin yarjejeniya babu wanda ya cuci wani, tunda babu dokar da aka karya.

Ba na iya yi wa wannan hoton dariya, kuma ba na jin wanda ke bin labarin ƙauyukan Zamfara, Katsina da Sakkwato a shekarun nan zai iya. Gonakin da suka koma daji don masu su ba su san ko za su kai ga girbi ba, su ne ainihin abin da Hobs ya siffanta. Shi da ake zargi da goyon bayan mulkin danniya, ya kuma faɗi abin da ya kamata masu mulki su ji: biyayyar talaka tana nan ne muddin hukuma na iya kare ransa, in kariya ta kau nauyin biyayya ya sauka. Kundin tsarin mulkinmu na 1999 ya amince da asalin maganar, domin sashe na 14 ya sa tsaro da jin daɗin jama'a su zama babban aikin gwamnati, ko da yake an saka sashen a babin da kotu ba ta tilasta aiki da shi.

Sai dai a waɗannan ƙauyukan ne kuma tsagar da ke jikin ginin take bayyana. Hobs ya tafi a kan cewa alkawarin da tsoro ya sa aka ɗauka yana ɗaure mutum. Har ya kawo misalin wanda ya yi wa ɗan fashi alkawarin kuɗin fansa don ya tsira da ransa, ya ce biya ya hau kansa, sai fa in dokar ƙasa ta sauke masa. To ga ƙauye, dokar ƙasa ta yi masa nisa, dattawansa sun zauna da jagoran 'yan bindiga sun amince za su tara masa kuɗi ya bar su su yi girbi. An yi zama, an gindaya sharaɗi, kowane ɓangare ya ga abin da zai samu. Da ma'aunin Hobs, da wuya ka nuna mini inda wannan ya bambanta da harajin gwamnati in ban da girman takobi. Amma kowane manomi a ƙauyen, har wanda bai taɓa shiga aji ba, ya san an zalunce shi, kuma ya san hakan ne da wani ma'auni da ya girmi yarjejeniyar.

Jon Lok, wanda ya fitar da nasa littafin a 1689, ya hango wannan haɗari. A ganinsa miƙa wuya ga mai mulkin da babu mai taka masa birki tamkar gudun dila ne a faɗa bakin zaki. Mulki amana ce da jama'a suka bayar, suna kuma da ikon karɓe abarsu in aka ci ta. Ruso, haifaffen birnin Janiba, ya zo a 1762 ya ce jama'a da kansu ne sarki, hukumomin garinsu suka saka masa da ƙone littafin. Juyin juya halin Amurka da na Faransa duk sun sha daga wannan rijiya. Ni damuwata tana can nesa da fada, tsakanin mutum da mutum.

Hobs da kansa ya san inda gizo ke saƙa. Ya ƙirƙiro wani mai gardama, ya kira shi wawa, mai cewa ya yarda yarjejeniya ta amfane shi, amma tunda don amfanin kansa ya shige ta, me zai hana ya karya ta ranar da karyawar ta fi riba? Mu kawo wawan nan cikin unguwa. Mata goma sun shiga adashi, kowace na zuba Naira 5,000 duk Juma'a. Wadda ta yi kwasar farko ta karɓi 50,000, saura mata zubi tara da ba za ta sake ganin ko kwabo a cikinsu ba. In lissafin riba kaɗai ke jan ta, ranar da ta kwasa ranar ya kamata ta daina zubi. Ta biyu ma haka. In kowace ta hango wannan tun farko, babu wadda za ta yarda ta zama ta ƙarshe, adashin ya mutu tun ba a fara ba, dukansu kuma su rasa jarin da da sun samu. Debid Hiyum na ƙasar Sikotland ya kawo irin wannan misali a wajen 1740 da manoma biyu. Hatsin ɗaya ya nuna yau, na ɗayan sai gobe, kowanne ya ƙi taya ɗan'uwansa girbi don bai amince za a rama masa ba, yanayi ya juya, duka biyun suka yi asara. Wanda ya san gayya ya san maganin da kakanninmu suka yi wa wannan ciwo.

Amsar da Hobs ya ba wawan ita ce, wanda aka sani da saɓa alkawari babu taron da zai karɓe shi, in kuwa ya ci bulus to kuskuren wasu ne ya cece shi, mai hankali kuma ba ya gina rayuwarsa a kan fatan wasu su yi kuskure. Akwai gaskiya mai yawa a nan. Matar da ta ci adashi ta gama shiga adashi a unguwar, wanda ya ƙi zuwa gayyar maƙwabci shi kaɗai zai sunkuya a gonarsa baɗi. A 1980 wani malamin jami'ar Mishigan ta Amurka, Robat Akselrod, ya gayyaci masana su aiko da dabarun da za a gwabza da juna a kwamfuta, a wani wasa da kowane ɓangare ke zaɓar ya ba da haɗin kai ko ya yi ha'inci, a kuma maimaita karawar sau da yawa. Cikin dabaru 14 da aka aiko, wadda ta yi nasara ita ce mafi sauƙi, ta Anatol Rapoport: ka fara da alheri, daga nan ka yi wa abokin karawa abin da ya yi maka a zagayen da ya wuce. Aka sake gasar da dabaru 62, ita ta sake cinyewa. Na yi murmushi ranar da na fara karanta labarin, ganin sai da aka kunna kwamfuta kafin a tabbatar da ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda.

Mai karatu ya lura da sharaɗin da ke ɓoye a ciki: sai an maimaita karawar. Mai shagon unguwa ba zai tauye maka mudu ba, domin gobe ma kai zai gani. Mai talla a tasha kuwa, wanda ya miƙo maka leda ta taga lokacin da direba ya riga ya tayar da mota, ya san shi da kai sai a lahira. Da yawa daga cikinmu sun taɓa buɗe irin wannan leda bayan an yi nisa suka tarar kyawawan na sama ne kawai. Ra'in ya bayyana wannan ha'inci sarai. Abin da ya gagare shi shi ne ɗaya mai tallan, wanda ke biyo mota da gudu don ya miƙo maka canjinka. Da ma'aunin riba, sai dai a ce bai iya lissafi ba.

Tsohuwar matsala ce. Kimanin shekara dubu biyu kafin Hobs, Aflatun na ƙasar Girka ya sa ɗan'uwansa Gulokon ya kawo wannan ra'i a cikin littafinsa na Jamhuriya, cewa adalci sulhu ne da mutane suka yi don zafin a cuce su ya fi musu daɗin su cuci wani. Gulokon ya ƙara da labarin wani makiyayi da ya tsinci zobe mai ɓatar da shi daga idon mutane, abin da mu za mu kira layar zana. Da ya gane sirrin zoben sai ya shiga fada, ya haɗa baki da matar sarki, ya kashe sarkin ya hau gadonsa. Tambayar ita ce, in aka ba mutumin kirki irin wannan zobe, zai bambanta da mugu? Wanda ya ce tushen halin kirki yarjejeniya ce ta gudun sharrin juna, ba shi da abin da zai faɗa wa mai layar zana.

Akwai kuma waɗanda su ne ba a gani, ba tare da sun ɗaura laya ba. Yarjejeniyar riba tana ƙulluwa ne tsakanin masu iya amfanar juna ko cutar da juna. Ina matsayin wanda ba ya iya ko ɗaya? Jariri, tsohuwar da ƙarfinta ya ƙare, mai taɓin hankali da ke kwana a gindin gada, jikokin da za su gaji dajin da muke sarewa yau. Debid Gotiye, masani ɗan Kanada da ya yi ƙoƙarin gina halin kirki kacokan a kan yarjejeniya a littafinsa na 1986, bai ɓoye ba, ya amince cewa dabbobi da waɗanda ba a haifa ba da waɗanda aka haifa da naƙasa mai tsanani ba sa cikin da'irar. Na yaba masa gaskiyarsa, amma ta razana ni. Tarihi kuma ya nuna fitar da wasu daga da'ira ba a takarda take tsayawa ba. Shi Lok mai maganar 'yanci da amana yana da hannun jari a kamfanin da ke jigilar bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma, yana kuma da hannu a rubuta tsarin mulkin Karolina na 1669, wanda ya ba ubangida cikakken iko a kan bawansa.

Ina ɗan firamare ni ke riƙe wa mahaifiyata littafin adashi, domin ita ce uwar adashin layinmu, ni kuma na iya rubutu. Akwai wata mai sayar da ƙuli-ƙuli da ta yi kwasa da wuri, kuɗin duka suka tafi a jinyar mijinta. Mijin ya rasu, ta shiga takaba, sana'a ta tsaya. Juma'ar farko da zubinta bai zo ba, mahaifiyata ta kwance bakin zanenta ta ƙirga kuɗi ta haɗa da na sauran, ta ce in rubuta matar ta zuba. Na ce, "Inna, ai ba ta aiko ba." Ta ce, "Kai dai rubuta abin da na ce maka. Kuɗin ba ga su nan ba?" Haka muka yi ta yi har adashin ya zagaya. Da matar ta fita takaba danginta suka zo suka tafi da ita garinsu.

Almajirin Hobs zai ce uwar adashi sunanta take karewa, in zubi ya yi giɓi ita za a tuhuma. Ban musa ba, cike giɓin yana cikin nauyin da ta ɗauka. Abin da lissafinsa bai kai gare shi ba shi ne abin da ta sa na rubuta. Da suna take nema, da ta bar mata su san daga aljihun wa kuɗin ke fitowa, a yi ta yabonta a gidajen biki. Sai ta zaɓi littafin ya nuna bazawarar ba ta taɓa fashi ba. Mutuncin wadda ba ta da abin ramawa ta saya da kuɗinta, babu kuwa sharaɗin adashi da ya ce a yi haka.

Hiyum ne ya fi kowa tone ra'in tun daga saiwa, a wata maƙala ta 1748. Ya tambaya wa ya taɓa sa hannu a wannan yarjejeniya. Masu cewa zamanka a ƙasa shi ne amincewarka, ya kwatanta musu mutumin da aka ɗauka yana barci aka saka a jirgin ruwa, aka ce ya amince da mulkin mai jirgin tunda bai yi tsalle cikin teku ba. Mu ma mun san ɗanɗanon wannan, domin kundin 1999 ya buɗe da cewa mu jama'a ne muka ba kanmu shi, alhali dokar soja mai lamba 24 ce ta kafa shi a ƙarshen mulkin Janar Abdulsalami Abubakar. Tambayar Hiyum ta biyu ta fi zurfi. In ka ce kana bin doka don ka yi alkawari, me ya sa dole ka cika alkawari? Ba za ka ce don ka yi alkawarin cika alkawari ba. Ashe sai amana ta riga ta zauna a zukata kafin yarjejeniya ta samu inda za ta tsaya.

Jon Rols na jami'ar Harbad ya nemi ceto ra'in a 1971 da wata dabara mai kyau. Ya ce mu ƙaddara masu tsara dokokin zama suna bayan labulen rashin sani, babu wanda ya san ko attajiri zai fito ko talaka, mace ko namiji, mai basira ko akasin haka. Tunda kowa na iya faɗawa ƙasa, za su zaɓi tsarin da ba ya yarda da fifiko sai in ya amfani na ƙasan. Kamar a wurin watanda ne a ce wa mai kasa nama shi zai ɗauki kashin da ya rage, sai ka ga ya zama ma'aikin adalci. Ina son wannan gwaji, ina kuma ganin ya kamata ɗalibanmu su riƙa auna kasafin kuɗi da dokokin jihohi da shi: wanda wannan doka za ta fi danna, da zai amince da ita in an tambaye shi? A nan ra'in yarjejeniya yake da amfanin da ba na jin wani ra'i ya kai shi. Sai dai attajiri ya riga ya san shi attajiri ne. Abin da zai sa ya yarda ya shiga bayan labule ya yi kamar bai sani ba, shi ne son adalcin da aka ce labulen ne zai haifar.

Masu karatun sira sun san wata yarjejeniya da ta girmi duk waɗannan littattafai in ban da na Aflatun, wato Hilful Fudul. Wani ɗan kasuwa daga Zabid ta ƙasar Yaman ya kawo kaya Makka, Al-As ɗan Wa'il, babba a cikin Banu Sahmi, ya karɓa ya hana shi kuɗinsa. Baƙon ya fara kai kuka wurin zuriyoyin da ke da ƙawance da mutanen Al-As, suka ƙi taimaka masa, har suka kore shi. A duba da kyau, su yarjejeniyarsu suka cika. Sai ya hau dutsen Abu Ƙubais ya ɗaga murya ya kai ƙara ga duk mai ji. Zubairu ɗan Abdulmuɗɗalib ya miƙe, Banu Hashim da Banu Zuhra da Banu Taim da wasu suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, suka yi rantsuwa za su tsaya tare da duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ne ko baƙo, har a mayar masa da haƙƙinsa. Annabi (SAW) ya halarci zaman yana matashi, bayan zuwan Musulunci kuma ya yabe shi, ya nuna da za a kira shi zuwa ga irinsa da ya amsa.

Ana iya cewa Makka garin fatauci ce, kare baƙo kare kasuwa ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma Al-As maƙwabcinsu ne mai ƙarfi da dangi, da shi za su kwana su tashi, shi zai iya rama musu alheri ko sharri. Duk da haka suka tashi daga gidan Ɗan Jud'an suka nufi ƙofarsa, suka karɓe kayan suka miƙa wa mai su. Shi baƙon ko cikin waɗanda suka yi rantsuwar ba ya.